Igiyar da Ta Je Yaƙi

Kakana bai je yaƙi ba. Igiyarsa ce ta je. Haka yake faɗa da bakinsa tun ina ƙarami, kuma bai taɓa sauya maganar ba sai shekarar da fim ɗin nan ya shigo Bur Sa'id.

Rayyis Arabi ake ce masa; Rayyis laƙabin masu jirgin ruwa ne a nan. Bambuti ne ɗan bambuti, irin waɗanda ke tuƙa kwalekwale zuwa gindin manyan jiragen da ke jiran shiga mashigin ruwan da ya bi ta garinmu, su cilla igiya sama, su tura kaya a kwando. Lemo, taba, dabino, raƙuman katako. Yanzu jiragen kwantena ba sa tsayawa kallon kowa. Kwalekwalensa ya ruɓe a bayan tashar fito. Igiyar kuwa tana nan a naɗe, rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakinsa. Lokacin da aka kwashe mutanen gari saboda bama-bamai, kakata ta bar tukwanenta, shi kuma ya fita da igiya a kafaɗa. Ta yi ta yi masa gori har ta koma ga Allah. Ko shanya bai taɓa bari ta yi da ita ba.

Ni Tamir, jikansa. Na gama sakandare, makin bai kai ni jami'a ba. Mahaifina yana Libiya yana aikin gini. Babu shagon da ke neman ma'aikaci. Sai aka ba ni Kaka. Tun rasuwar kakata kansa ya fara yoyo. Yakan manta ya ci abinci. Yakan kira mahaifiyata da sunan matarsa. Abu biyu ne bai manta ba: yana ce mini Dakta don ya ƙona mini rai, kuma yana tuna Salvu.

Kullum bayan la'asar mukan hau jirgin fito mu tsallaka zuwa Bur Fu'ad, mu dawo. Yakan jingina da ƙarfen gefe, tsuntsayen teku suna ihu a kanmu, ya fara.

"Dakta, na taɓa ba ka labarin Salvu?"

"Jiya."

"To jiya ba ka saurara ba. Da kana saurare da yanzu kana jami'a."

Salvu ɗan Malta ne, kuku a wani jirgin yaƙi na Ingila, zamanin yaƙin Jamus. Kaka a lokacin gemu bai fito masa ba. Yaren mutanen Malta yana kama da namu, amma a karkace, Kaka ya ce kamar Larabcin da aka bari a rana ya lanƙwashe. Da shi suke ciniki, da shi suke zagin juna. Duk sanda jirgin ya shigo, Salvu ne ke cafe igiyar Kaka. Ya ja kwandon lemo, ya ɓare ɗaya, ya jefo ɓawon a kan Kaka.

"Arabi ɓarawo!"

"Salvu mai ƙona miya!"

Gaisuwarsu ke nan.

"Dokar igiya ɗaya ce," Kaka yakan ce. "Hannun da ya cafe ta shi ke mayar da ita. Ya kwance, ya naɗe, ya cillo maka, ya kira sunanka. In kuwa ka ga an zuro maka igiyarka a hankali kamar guga, to kada ka tambayi kowa komai."

Wata rana kwando yana sama cike da lemo, aka busa ƙaho. Jirgi ya tashi a guje. Salvu ya leƙo yana ihu, zan dawo maka da ita. Bayan 'yan kwanaki jirgin ya dawo, da fursunonin Jamus a zaune a kansa, idanunsu a ɗaure. Kaka ya tuƙa ya je gindinsa ya yi kira. Wani Bature mai jan fuska, wanda bai sani ba, ya leƙo. Ya zuro igiyar a hankali. A cikin kwandon akwai farar hular kuku.

Bai tambayi kowa komai ba.

Sai bayan yaƙi da shekaru wani ɗan'uwan Salvu ya biyo ta mashigi a jirgin kaya, ya ba shi sauran labarin. Sun fatattaki wani jirgi mai nutso na Jamus har ya taso saman ruwa, mutanensa suka yi tsalle suka bar shi yana shan ruwa. Aka nemi masu iyo. Salvu ɗan masunci ne, ya tuɓe ya bi wani hafsa. Suka shiga cikinsa. Akwai takardun da ba a so ruwa ya taɓa, don tawadarsu narkewa take yi. Da igiyar Kaka da kwandon lemonsa aka riƙa jawo su sama. Kwando ya hau, ya sauka, ya hau. Da aka sake zura shi, babu mai karɓa. Jirgin ya nutse da su.

Ƙarshen labarin ke nan. Daga nan sai fito ya taɓa gaɓa.

Ko amfanin takardun bai sani ba, sai da wani marubuci mai tabarau ya zo daga Alƙahira, ina firamare a lokacin. Ya sha shayi da Kaka yamma bayan yamma. Mutum ne mai ladabi. Shi ya ce masa takardun nan mabuɗi ne, da irinsu ake karanta saƙonnin sirrin da Jamus ke aika wa jiragenta a teku. Kaka ya ce, "Ashe kwandon lemona ya ɗauki abin da ya fi lemo." Marubuci ya yi dariya, ya sumbaci kan Kaka, ya tafi. Muka manta da shi.

Silimar unguwarmu ta daɗe da zama ɗakin ajiyar takalma. Don haka a gidan shayin Mu'allim Tabi'i muka ga fim ɗin, a kaset, a ƙasan benenmu. Baffa Shahhat ne ya kawo shi, ƙanin mahaifina, mai sayar da agogo da turare a kasuwa. Ya sa Kaka a kujerar gaba. Da aka fara, rubutu ya fito: an gina shi a kan labari na gaskiya. Jarumin bambuti ne. Sunansa Arabi. Sai na tuna marubucin nan mai tabarau.

Wuri ya kaure da tafi. Daga nan kuma baki ya buɗe.

"Ashe cikin jirgi mai nutso ya fi zauren biki faɗi!"

"Saura amarya kawai."

"Ku ji kyaftin ɗin Jamus! Wallahi Larabcin 'yan Alƙahira yake yi. Wannan na san ubansa, direban tasi ne."

"Ina ya ɓullo? Gaban hasumiyar fitila? A wurin nan ruwa ko wuyan jaki bai kai ba!"

Mu'allim Tabi'i ya nuna allo da bakin bututun shisharsa. "Shahhat, agogon hannun jarumin nan ba irin naka ba ne? Mai tsayawa kafin a kai gida?"

"Naka ya tsaya ne don ya gaji da ganin fuskarka, ya Mu'allim."

Suna zagin fim ɗin, suna son sa. Haka mutanenmu suke. Arabi na fim ya cilla igiya, ya haye jirgi da wuƙa a haƙori. Ya yi nutso. Ya shaƙe Bajamushe biyu. Ya fito da na'urar sirri a ka kamar mai tallan gurasa. Bai tsaya nan ba: ya kai ta gidan shayi, ya danna maɓallai, ya karanta umarnin Jamus da kansa, Turawa suna tsaye suna sosa ƙeya. Na taɓa karantawa a laburaren makaranta cewa irin wannan aiki ɗaruruwan mutane ne suka yi shi a can Ingila, masana lissafi da mata masu buga tafireta, wata da watanni. Ba wannan ne ya dame ni ba.

Akwai kuku a fim ɗin. Ƙaton Bature mashayi, mai tumbi. Ya faɗa cikin tukunya, aka yi dariya. Ba shi da suna.

Da aka gama, mutane suka taso suna sumbatar kan Kaka.

"Wane ne wannan yaron?" ya tambaya.

"Kai ne, ya Rayyis!"

"Ni? Ban taɓa ajiye gashin-baki irin na 'yan sanda ba."

Aka yi dariya. Ni ma hankalina ya kwanta.

Baffa ya hau da kaset ɗin gida. Da safe a sa, da rana a sa. Mahaifiyata ta ga in fim na tafiya Kaka ba ya yawo a ɗaki yana neman matarsa, sai ita ma ta koyi danna maɓallin. A titi yara suka fara sara masa. Mai kifi ya daina yarda ya zaɓa da kansa, sai ya ɗauko masa mai kyau da ya ɓoye a ƙasan tebur. Kaka ya fara tafiya ƙirji a buɗe.

Ban lura da ranar da abin ya juya ba. Na dai san muna kan fito, iskar hunturu ta fara, ya jingina da ƙarfe kamar kullum.

"Dakta, na taɓa ba ka labarin ranar da na yi nutso?"

Na juyo.

"Duhu ne a ciki, ga Jamusawa biyu. Na kama ɗaya ta nan."

"Kaka."

"Na ɗora na'urar a ka."

"Kaka, Salvu fa?"

Ya dube ni da idanu masu tsabta, babu wasa a cikinsu.

"Wane Salvu? Bagirken nan mai gidan burodi?"

Fito ya taɓa gaɓa. Motoci suka fara sauka. Na riƙe hannunsa muka bi bayansu.

Washegari na sake gwadawa. Na ce lemo. Na ce ɓawo a ka. Na ce mai ƙona miya. Ya ce in daina surutu, fim zai fara. Da na ga haka, na zare kaset ɗin na tura shi cikin buhun shinkafa.

Ya neme shi har ƙarƙashin gado. Bai san sunan abin da yake nema ba, yana ta cewa, "Ina nake? Ina kuka kai ni?" Mahaifiyata ta kira Baffa. Bai ko tambaya ba, ni ya nufa. Ya ja ni bakin matakala.

"Fito da shi."

"Ƙarya ce, Baffa."

"Na ce maka gaskiya ce? Ni jaki ne? Na san ubana ko iyo bai ƙware ba."

"To?"

"To me? Tun yana yaro ake ce masa bambuti ɓarawo. Turawa sun watsa masa ruwan zafi daga saman jirgi. 'Yan sandan tasha sun mare shi a gabana, ina riƙe da rigarsa. Yau yara na sara masa, kai kuma ka zo da gaskiyarka ta laburare."

"Ya manta Salvu."

"Ɗan Maltan nan kifaye sun gama da shi tun kafin a haife ni. Ubana yana da rai. Wa zan zaɓa?"

Mahaifiyata ta leƙo daga kicin, hannunta da sabulu.

"Kai fito kake kai shi, Tamir. Ni nake jin kukansa ta bango. Tun da fim ɗin nan ya zo yake cinye kwanonsa. Ka ji tsoron Allah."

Na zaro kaset ɗin, na kaɗe shinkafar, na miƙa.

Har yau ba ni da cikakkiyar amsa. Abin da na sani shi ne, mutum ya shiga ruwa bai fito ba, kuma a duk garin nan kai biyu kawai suka damu da sunansa. Ɗaya na yoyo. Ɗayan nawa ne, ni kuwa suna kawai nake da shi. Ban san tsawonsa ba, ban san muryarsa ba. Fuskar tana wurin Kaka, kuma wani mai gashin-baki ya zauna a kanta.

Muka ci gaba da hawa fito. Yana shaƙe Jamusawa, ina kallon ruwa.

Baffa ya shirya walimar girmamawa, ranar wata Juma'a bayan la'asar. Aka tare titi da kujeru. Aka rataya ƙyalle mai sunan Kaka daga barandarmu zuwa ta maƙwabta. Masu kiɗan simsimiyya, garayarmu ta bakin teku, suka zo da fararen huluna, tsofaffin bambuti suka tashi suna rawar da suka gada, ta tuƙi da cilla igiya, hannu wofi. Kaka yana tsakiya cikin sabuwar jallabiya. Baffa ya ɗaura masa agogo mai ruwan zinariya.

Ban san wanda ya fara ba.

"Igiya! Ya Rayyis, cilla mana igiya kamar a fim!"

"Igiya! Igiya!"

Baffa ya ga abin zai yi kyau a hoto. Ya aika aka sauko da ita daga ƙusa. Ya dube ni.

"Kai, hau baranda ka cafe. Ko wannan ma sai an duba a laburare?"

Na hau. Barandarmu ta katako ce, hawa na uku, tsayin gefen jirgi. Na leƙo. Daga sama Kaka ƙarami ne ƙwarai.

Aka sa masa igiyar a hannu. Ya tsaya yana kallon ta. Sai ya cire agogon ya miƙa wa na kusa da shi ba tare da ya duba ko wane ne ba. Ya ware ƙafafu kamar ƙasa na rawa a ƙarƙashinsa. Yatsunsa, waɗanda ba sa iya ɓalle maɓallin riga, suka shiga warware naɗin, zobe bayan zobe. Ya lilo dunƙulen ƙullin da ke bakinta. Ya cilla.

Ta bugi rumfar Mu'allim Tabi'i, ta faɗo.

"Rumfata, ya Rayyis! Ba jirgin Jamus ba ce!"

Aka yi dariya. Kaka bai ji ba. Ya tofa yawu a tafi, ya sake naɗewa. Wannan karon ta taso tana warwarewa a iska, ta zo daidai ƙirjina. Na cafe. Na ɗaure a katakon baranda.

Titi ya ɗauka. "Hau! Hau, ya Rayyis! A ba shi wuƙa!"

Baffa ya matso da mai hoto. "Baba, riƙe kawai kamar za ka hau."

Kaka ya dube shi kamar ya ga mahaukaci.

"In hau ina? Jirgin yaƙi? Su harbe ni? Wa ya taɓa ganin bambuti a kan jirgin yaƙi?" Ya waiga hagu da dama. "Ina kwandon?"

Matar maƙwabcinmu ta kwance wanda take zura wa mai kayan miya daga barandarta, ta jefo. Mai lemo na kusurwa ya cika shi yana dariya, a zatonsa wasa ne. Kaka ya ɗaure kwandon. Ya ɗaga kai. Rana tana bayana. Ya kare ido da tafin hannu.

"Salvu! Ja mana, mai ƙona miya!"

Na kama igiyar.

Na ja. Kwando ya hau yana juyi. Na ɗauki lemo ɗaya, na ɓare da farce, na saita, na saki ɓawon. Ya sauka a tsakar kansa.

"Arabi ɓarawo!" na ce.

Ya yi dariya. Ban taɓa jin wannan dariyar ba. Ta saurayi ce, mai fitowa daga ciki, har yana dukan cinya.

"Allah ya isa tsakanina da kai! Ka ci na gwaji, ka ci na gwajin gwaji! Uwarka ce ta dasa bishiyar?"

Mutane suna dariya ba su san me ake yi ba. Baffa ya daina. Shi ya san labarin, ya ji shi kafin ni.

Kaka ya share ido da hannun riga.

"To dawo mini da igiyata. Rana na faɗuwa, akwai jirgin Girka yana jira."

Na sa hannu a ƙullin.

Hanya biyu ce, kuma Kaka da kansa ya koya mini su. In kwance, in naɗe, in cilla, in kira sunansa. Salvu yana da rai ke nan, jirgi bai tashi ba, ba a busa ƙaho ba. Kaka ya kwana da dariyarsa. Gobe a danna maɓalli, mai gashin-baki ya dawo ya zauna. Ko kuwa ɗayar.

Hular Salvu tana cikin kabad ɗin kakata, a naɗe cikin ɗankwalinta, taku kaɗan daga inda nake tsaye.

"Salvu! Ka mutu ne a can?"

Na shiga ɗaki. Kabad ɗin har yanzu ƙamshinta yake yi. Hular ta zama ruwan ƙasa-ƙasa, ta yi laushi kamar tsumma. Na juye lemon a ƙasa. Na sa ta a kwando.

Na zura. A hankali, kamar guga.

Kaka yana kallon kwandon yana saukowa. Dariyar ta tsaya a fuskarsa, ba ta tafi ba, ba ta ci gaba ba. Hannayensa suka sauka. Mai simsimiyya ɗaya ya daina kaɗawa, sai na biyu. Kwandon ya wuce rumfa. Ya wuce ƙyalle mai sunansa. Bai miƙa hannu ba sai da ya taɓa ƙirjinsa.

Ya ɗauki hular. Ya juya ta. Wani ya turo masa kujera, ya zauna.

"Ba ni ba ne," ya ce.

Baffa ya durƙusa a gabansa. "Baba, gajiya ce. Mu hau sama."

"Yi mini shiru, Shahhat. Ni lemo nake sayarwa. Ina nan gindin tasha ina jiran igiyata. Shi ya shiga." Ya shafa hular a gwiwa. "Gajere ne. Bai kai kafaɗata ba. Yana da wushirya, in zai yi fito ta nan iska ke fita. Kunnensa na hagu mai ya ƙona shi, ya nannaɗe kamar busasshen ɓaure. Ɗan masunci, amma ba ya cin kifi, wai ya san abin da suke ci. Akwai yarinyar da yake tara wa kayan ɗaki. Ya sa na nemo masa ɗan madubi mai bakin azurfa, na samo, yana aljihuna ranar."

Ban taɓa jin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Duk shekarun nan na fito. Na riƙe katakon baranda ina haddacewa, kamar daren jarrabawa.

Sai Mu'allim Tabi'i ya ajiye bututun shisha.

"Ya sunansa, ya Rayyis?"

"Salvu."

"Sal me?"

"Salvu, kurma!"

"Salvu," in ji Mu'allim, yana gwada shi a baki. Ya juya wajen masu hidimarsa. "Ku zuba wa kowa shayi. Na ɗan Malta ne. Wanda ya sa hannu a aljihu na karya hannun."

Na haɗu da Baffa a matakala, ina sauka yana hawa. Idanunsa sun yi ja.

"Ka ji daɗi?"

Na ci gaba da sauka.

"Je ka dube shi. Je ka dubi aikinka."

Na je. Kaka yana zaune, hula a cinya, shayi na hucewa a gabansa. Bai ci abinci ba a ranar. Mahaifiyata ta ajiye mini nawa kwanon ba tare da ta dube ni ba. Washegari ya ci rabi. Baffa ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata.

Kaset ɗin bai mutu ba. Ana sa shi har yanzu, a sama da ƙasa. Akwai ranakun da Kaka ke tashi jarumi, ya shaƙe Jamusawansa, ni kuma na daina gardama. Amma a gidan shayi wani abu ya sauya. Duk sanda ƙaton kukun nan ya fito zai faɗa tukunya, sai wuri ya ɗauka.

"Ƙarya! Salvu gajere ne!"

"Ina wushiryar?"

"Ku dubi kunnensa, lafiya lau! A mayar mana da kuɗinmu!"

"Wane kuɗi, kai da ko shayi sai an saya maka?"

Rannan na ji yara biyu suna wasa a ƙarƙashin baranda da igiyar shanya. Suna faɗa a kan wanda zai zama Arabi. Wanda ya sha kaye ya ce to shi Salvu ne, kuma shi ne zai yi nutso.

Jiya muna kan fito. Hazo a kan mashigi, wani jirgin kwantena yana wucewa kamar unguwa guda, babu mutum ko ɗaya a gefensa. Kaka ya daɗe yana kallon sa.

"Dakta."

"Na'am."

"Ƙullin da ka yi a baranda ranar nan. Ko akuya ba zai riƙe ba."

Na dube shi.

"Wa ya ce maka ni ne a sama?"

"To wa? Salvu ya mutu tun ba a haifi ubanka ba." Ya yi tsaki. "Kuma shi in ya jefo ɓawo, a ido yake samu na. Kai ko jifa ba ka iya ba."

Ya laluba aljihun jallabiya, ya zaro wani guntun zare da ya tsinto ban san a ina ba. Ya kama hannuna ya ɗora a kan ƙarfen gefe.

"Zagayo ta nan. A'a, ta ƙasa. Kai, wane irin hannu ne wannan? Sake."

Na sake. Fito ya taɓa gaɓa, motoci suka sauka, wasu suka hau. Ba mu sauka ba.